Ɗigon Karkade a Mayafin Takaba

Farin mayafin na shimfiɗe a ƙasa, a ƙarƙashin motar, an danne bakinsa da guntayen bulo don kada iska ta ɗaga shi. Matan da suka biyo ta ƙofar gidan za su ɗibar ruwa sun tsaya suna leƙe ta saman katanga. Babu wadda ba ta san mayafin ba. A cikinsa Huseina ta yi takabar mijinta Yakubu, kuma ba ta daɗe da fita ba.

Dije ungozoma ta shigo tana dogara sanda. Mayafin ta zo karɓa, domin a ƙauyen idan mace ta fita takaba, tsohuwa ake ba wa kayan sadaka. Ta dubi mayafin, ta dubi motar.

"Huseina, yau kuma mota ce ke takaba?"

"Ara mini shi, Inna. Idan na gama naki ne."

"Da baƙin mai a jikinsa?"

"Da abin da Allah Ya sa ya ɗigo."

Motar tsohuwar boksi ce, a-kori-kura mai buɗaɗɗen baya. A da fara ce, yanzu ta koma launin ƙasar Jazira. Ita kaɗai ce mota a ƙauyen. Ta kai gyaɗa kasuwa, ta kai amare, ta kai marasa lafiya asibitin garin Hasahisa. Duk wannan labarin kafin yaƙi ne, lokacin da abin tsoro a hanya bai wuce laka da rami ba.

Tun da Huseina ta san motar, tana shan ruwa, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar hakan ciwo. A Jazira hanya ba ta rabuwa da tur'a, magudanar nan ta ruwan noma. Duk inda mutum ya tsaya, ga ruwa a gefensa. Yakubu yana da wani gwangwani da ya ɗaura wa doguwar igiya, yana rataye a bayan kujera. Idan allurar zafi ta fara hawa, sai ya tsaya, ya ɗaga murfin inji, ya samu inuwa ya zauna har motar ta huce. Sannan ya jefa gwangwani a tur'a, ya cika lagireto, a ci gaba da tafiya. Haka duk masu tsofaffin motoci suke yi a wannan yanki.

"Ni ma ai ina shan ruwa," yakan ce. "Wa ya taɓa kai ni wurin makanike?"

Ranar da ciwon ƙirji ya kayar da shi a gona, bazara ce. An gama girbin alkama, an rufe ruwan tur'a ana yasa. Ƙaninsa Sambo ne ya tuƙa motar zuwa asibiti. Huseina na baya, kan Yakubu a cinyarta. Daidai gadar siminti, inda hanya ta yi rabi, tururi ya taso daga gaban motar. Sambo ya jefa gwangwanin, ya jawo busasshiyar laka. Suka zuba ɗan ruwan da ke cikin butar Huseina, injin ya shanye shi da ƙara kamar an zuba a kasko. Kafin wata babbar mota ta biyo, Yakubu ya cika. Huseina ta shafe masa idanu, ta ɗaure masa haɓa da gefen ɗankwalinta. Ajali ne. Kowa ya faɗa, ita ma ta faɗa.

Yanzu ga Raihana, ’yarta ta fari, ta dawo gida haihuwar fari. Mijinta Nasir yana can arewa wajen haƙar zinariya. Jiya da la'asar Dije ta taɓa cikin, ta daɗe tana taɓawa, sannan ta fito tsakar gida tana goge hannu.

"Yaron nan a gicciye yake. Na lallaɓa shi ya ƙi juyawa. Asibiti sun sa mata rana, amma cikin da na taɓa ba zai jira ranarsu ba. Da ta fara naƙuda sai Hasahisa, kuma ba tsayawa a hanya. Kin ji ni? Ba tsayawa."

Huseina ta ce, "To."

Ba ta ƙara ba. Raihana ’yar fari ce, Huseina ba ta kiran sunanta, ba ta zama kusa da ita, ba ta nuna damuwa a kanta a gaban mutane. Haka ta ga uwarta ta yi, haka ita ma ta yi tun ranar da ta haife ta. Sai ta tashi, ta zagaya bayan rumfa inda motar take, ta aika a kira mata Sambo.

A da, idan Sambo ya shigo gidan, tun daga zaure ake jin su. Shi yana ce mata tsohuwar matarsa, ita tana ce masa mijin da bai iya cefane ba. Wasan matar wa da ƙanin miji ne, sun kai shi har furfura. Tun ranar gadar siminti wasan ya mutu. Ya shigo, ya gaishe ta kansa a ƙasa.

"Motar nan har yanzu tana sha?" ta tambaye shi.

"Tana sha. Amma yanzu tur'a cike take. Zan kuma sa jarkoki a baya."

"Idan ta yi zafi fa?"

"Sai mu tsaya ta huce."

"Inna Dije ta ce ba tsayawa."

Ya shafa ƙeya. Ya gaya mata duk abin da ya yi lokacin da take takaba. Ya cire lagireton ya kai Hasahisa, an wanke shi, an liƙe shi da darma. Ya canza murfinsa. Ya duba baƙin mai, bai ga ya koma kamar shayi da madara ba, wato ruwa ba ya shiga ciki. Salansar motar ba ta fitar da farin hayaƙi. Kullum da safe yana durƙusawa ya leƙa ƙarƙashinta, ƙasa a bushe.

"Tsufa ne kawai, Huseina. Tsohuwa sai da shan ruwa."

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji ta. "Kuma ba ya ɓacewa banza. Wani wuri yake bi."

"To ina?"

"Ni ban san inji ba. Amma na san ƙasar gidan nan. Ka zuba mata tulu guda, kafin ka juyo ta shanye ta lashe baki. Ita za ka tambaya shaida?"

Ta tuna ranar sunan wani jikan maƙwabta, da kofin karkade, wato zoɓo, ya zube wa wata baƙuwa a farin mayafi. An wanke, an sake wankewa, tabon zoɓon yana nan har matar ta haƙura. Ta faɗa wa Sambo abin da take so a yi. Ya daɗe yana kallonta.

"Karkade. A cikin mota."

"Ai kun zuba mata abin da ya fi wannan."

Bai musa ba.

Don haka yau da sassafe, inji na sanyi, Sambo ya kwance ƙasan lagireto ya tara kwano. Abin da ya fito ba ruwa ba ne. Wani kunu ne mai launin tsatsa, da lakar tur'a, da baƙin gari, da wasu fararen zare-zare suna lilo.

"Wannan garin shayi ne," in ji shi, yana tonawa da tsinke. "Ni na zuba, wani direba ya ce yana toshe huda. Wannan kuma taba ce, ta wani daga cikin abokan Yaya."

"Fararen fa?"

Ya ci gaba da tonawa da tsinke.

"Sambo, fararen fa?"

"Ƙwai ne. Idan ya dahu a ciki yana liƙe wuri."

Huseina ta tsaya riƙe da ƙugu. "Ƙwan wa?"

"Yaya ne yake kawowa."

"La ilaha illallahu. Shekara da shekaru ina zagin muzurun maƙwabta. Har jifansa na yi da muciya."

Dariya ta kuɓuce wa Sambo, ya yi saurin haɗiye ta. Ita kuwa ta juya ta koma madafa, ta daɗe a can fiye da yadda tukunyar ke buƙata.

Ta dafa karkade a babbar tukunyar biki har ya yi ja wur, ta tace da ƙyalle sau biyu, ta bar shi ya huce. Sambo ya wanke cikin motar da ruwan tankin ƙauye har ya fara fitowa garau. Sannan ya kafa mazurari, ta riƙa miƙo masa a buta.

"Ba a sa sukari?" ya ce, bai ɗago ba.

"Wadda ta ci ƙwaina ba ta shan sukarina."

A nan ne ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafin. Babu wani abu fari mai faɗinsa a gidan. Ta shimfiɗa shi da hannunta, ta danne da bulo, kuma a haka Dije ta same su.

Sambo ya tayar da motar. Ta yi tari, ta kama. Suka durƙusa su biyu, Dije ta samu gadon igiya a inuwar rumfa ta zauna. Injin ya yi ta kaɗawa. Kaji suka zo suka leƙa suka wuce. Mayafin na nan fari tas.

"Kin gani?" in ji Sambo. "Ba ta yoyo."

"A tsaye take, kuma ba ta ɗauki komai ba. Ni ma idan ina zaune ba na gumi. Yaushe take yin zafi?"

"Idan an yi nisa. Ko an yi mata lodi."

"To yi mata lodi."

Ya loda buhunan dawa a baya. Ta janye mayafin, ya fita da motar, ya bi gefen tur'a har ƙarar ta ɓace. Huseina ta tsaya a rana. Daga cikin ɗaki Raihana ta fito a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ta jingina da ƙyaure.

"Inna, ki shigo inuwa mana."

"Wa ya ce ki fito? Koma ki kwanta," in ji Huseina, idonta na kan hanya.

Da Sambo ya dawo, motar na huci. Ya tsaya a inda take tsayawa, Huseina ta tura mayafin ƙarƙashi da sanda don kada ta ƙone. Ya kashe injin.

"Kada ki taɓa murfin lagireto," ya ce. "Yanzu idan aka buɗe, sai ya sale wa mutum fuska."

Suka sake durƙusawa. Ƙarfe na ta ƙas-ƙas yana hucewa. Sambo yana kallon gaba, ƙarƙashin lagireto, inda shi da Yakubu da duk masu ba da shawara suka yi shekaru suna kallo. Can babu komai.

"Ga shi," in ji Huseina.

Ba a gaba ba ne. Ya ɗan ja baya, ta gefe. Ɗigo ɗaya ne, ja, ya faɗo ya bazu kamar ƙwayar wake. Wani ya biyo shi. Sannan suka lura da wani yayyafi siriri a kewayensa, kamar an fesa da baki.

"Komai nisan jifa," in ji Dije daga rumfa, "ƙasa zai faɗo."

Sai da injin ya huce sosai Sambo ya kwanta rigingine ya shige. Ya bi sawun jan da yatsa. Ya bushe a jikin ƙarfe ya bar layi kamar na lalle, daga ƙasa zuwa sama, har inda babban tiyon roba na ƙasa yake shiga jikin inji. Ta sama ba a ganin wurin. Idan motar na gudu, in ji shi daga ƙarƙashi, fanka ce ke watsa ruwan a jikin ƙarfe mai zafi, ya bushe kafin ya kai ƙasa. Idan ta kwana ta yi sanyi kuma, robar ta tsuke, hudar ta rufe bakinta. Shi ya sa duk safiyar duniya yake ganin ƙasa a bushe.

"Miƙo mini filaya."

Ta miƙa masa. Ta ji yana kwance wani abu. Sai kuma ƙarar filayar ta tsaya.

"Me ka gani?"

"Ba komai. Tiyon ne ya tsufa."

Ya fito da tiyon a hannun dama. Hannun hagunsa a dunƙule yake, ya kai shi baya kamar zai jefar da wani abu a bayan katanga.

"Buɗe hannunka."

"Tarkace ne."

"Sambo."

Ya buɗe. Guntuwar waya ce, ta yi tsatsa. A wurin da ya kamata a ce akwai zoben ƙarfe mai matse tiyo, waya aka naɗa. An murɗe bakinta ta hagu, an lanƙwasa tsinin ya koma ciki don kada ya yanki hannun wani. Yakubu bahago ne. Irin wannan murɗin ne a marikin butar shayinta, shi ne a ƙofar akurkin kaji, shi ne a ƙafar gadon da Dije ke zaune a kai.

Sambo ya lanƙwasa bakin tiyon. Daidai inda wayar ta kwanta, robar ta buɗe baki, tsaga ’yar ƙarama, ba ta kai tsawon farce ba, cikinta ja da karkade. Ya sake ta, ta rufe kamar ba ta taɓa buɗewa ba.

"Ya ɗaure ta da kyau," in ji Sambo a hankali. "Ƙarfin ɗaurin ne ya ci robar."

Huseina ta karɓi wayar. Ta juya ta a tafin hannunta. Abin bai kai zoben yatsa biyu ba.

"Ranar da ya ɗaura, ta kai shi gida," ta ce. Ta ƙulle wayar a bakin zanenta. "Yanzu mene ne gyaran?"

"Sai in yanke wurin da ya tsage, in tura sauran, in ɗaure. Akwai sabuwar waya a gidana."

"Ba waya."

"Huseina, kafin azahar mun gama."

"Matsa robar nan ka ji. Ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana. Yau ka yanke nan, gobe ta buɗe can. Ba waya, ba ƙwai, ba shayi. Abin da aka yi domin wurin, shi za a sa."

"Sai Hasahisa fa. Idan yarinyar ta tashi ina can? Mota a kwance, ba tiyo."

Wannan ita ma ta yi tunaninsa. Ta dubi Dije. Tsohuwar ta tashi ta shiga ɗaki, ta jima, ta fito.

"Yau dai ba na jin za ta yi. Gobe kuwa ban ɗaukar wa kowa alkawari ba."

Sambo ya ari babur ɗin maƙwabci, ya ɗaura tsohon tiyon a baya don a gwada a ba shi irinsa. Huseina ta yini tana aikin da ba ya buƙatar yi. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Duk lokacin da gado ya yi ƙara a ɗakin Raihana, sai tsintsiyar ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Bayan la'asar ya dawo, ƙura har gira. Ya kawo sabon tiyo, baƙi, mai tauri, da zobba biyu na ƙarfe masu noti, waɗanda a nan ake ce wa gafiz. Ya kawo kuma galan na wani koren ruwa da mai shagon ya ce yana hana tsatsa, ya kuma ce a daina ba ta ruwan tur'a.

Ya kankare bakin ƙarfen da tsatsa ta ci har ya yi sumul. Ya tura tiyon ya zauna, ya sa zobe a kowane baki, ya matse da sukundireba, yana tsayawa yana gwadawa da hannu don kada shi ma ya wuce gona da iri. Suka wanke karkaden, suka sake wankewa, har ruwan ya daina ko da alamar ja. Sannan ya zuba koren ruwan, ya cika da na tanki, ya tayar da injin murfin lagireto a buɗe. Kumfa ta riƙa tasowa ɗaya-ɗaya.

"Mene ne wannan kuma?"

"Iska ce ke fita. Idan ta zauna a ciki, ita ma tana sa zafi."

Da kumfar ta ƙare ya ƙara ruwa, ya rufe. Ya sake fita da buhunan dawa, ya yi nisan da ya fi na safe. Huseina ta juya mayafin, ta tura ɓangaren da bai ɓaci ba. Suka durƙusa har aka kira magariba. Babu ja, babu kore.

Ta naɗe mayafin ta kai wa Dije. "Ga shi, Inna. Ya yi tabo."

Dije ta buɗe, ta dubi jajayen ɗigon. "Na karɓa. Allah Ya kai ladan kabarinsa."

Washegari da hantsi naƙuda ta tashi. Kafin a shimfiɗa katifa a bayan motar, a kafa zane a kan sanduna don inuwa, rana ta take. Dije ta hau baya tare da Raihana. Sambo ya sa jarkoki biyu, bai tambayi kowa ba. Matan unguwa suka taru a ƙofa. Uwa ba ta bin ’yar fari wurin haihuwa, kowa ya sani, don haka da suka ga Huseina ta fito da mayafin fita sai suka dubi juna.

"Motar zan raka," in ji ta. Ta buɗe gaba ta zauna.

"Wace ce allurar?" ta tambayi Sambo da suka hau hanya.

Ya nuna mata. Tana kwance a ƙasa. A hankali ta taso, ta zo tsakiya, ta tsaya.

"Nan ne wurinta. Idan ta wuce nan zuwa ja, to."

Huseina ta kafa mata ido. Dawa ta yi kai a dama, auduga a hagu, tur'a na biye da su cike maƙil, ba ta ga ko ɗaya ba. Iska mai zafi na shigowa ta taga kamar daga bakin tanda. Duk ramin da suka faɗa, sai ta ji nishin Raihana ta gilashin baya, da muryar Dije tana cewa, "Yi salati, ’yar nan, yi salati." Sau ɗaya Raihana ta ce, "Inna!" da ƙarfi. Huseina ba ta waiwaya ba. Hannunta na kan ƙullin da ke bakin zanenta, tana matsa shi har wayar ta shata mata yatsa.

"Ta motsa," ta ce.

"Ba ta motsa ba. Girgizar hanya ce."

"Na ga ta motsa."

"Huseina, tana tsakiya."

Gadar siminti ta bayyana daga nesa. Ga bishiyar da ba ta da inuwar kirki, ga gangaren da Sambo ya sauka da gwangwani ran nan. Yau ruwa ne a wurin har baki, yara na wanka. A nan Yakubu yake tsayawa kullum ya ba motar ruwa, ko ta nema ko ba ta nema ba. Huseina ta ji injin ya sassauta. Ƙafar Sambo ce ta ɗaga daga totur da kanta, sitiyarin ya fara karkata gefe.

"In dai leƙa," ya ce. "Ba zan kashe ta ba."

Ta dubi allurar. Tana tsakiya.

"Wuce."

Ya taka. Tayoyin suka yi gurum-gurum a kan gadar, sannan hanya ta miƙe.

A ƙofar asibiti aka turo gado mai taya. Aka sauke Raihana, Dije na biye da ita da ƙullin kaya. Huseina ta tsaya a jikin motar, tana gyara zaman mayafinta. Raihana ta juyo kai tana nemanta har aka shige da ita.

An jima Dije ta fito, ta tsaya a kan matakala.

"Sun shiga da ita. Likita ta ce da kun ƙara jinkiri da labari ya canza. Yanzu sai addu'a."

"To," in ji Huseina.

Dije ta koma ciki. Sambo ya sauke jarkokin, cike kamar yadda ya sa su, ya miƙa wa wasu mata masu jinya da ke zaune a gindin darbejiya. Da ya juyo bai ga Huseina ba. Ya zagaya. Tana durƙushe a gefen motar, gwiwa a ƙasa, kanta ya shige ƙarƙashi har kafaɗa. Injin na ƙas-ƙas yana hucewa.

"Tsohuwa," ya ce, "ko kin koma makanike ne in nemi wata?"

Ya ji tana magana ƙasa-ƙasa, ya ɗauka addu'a ce. Da ya sunkuya sai ya ji suna ne, guda ɗaya, tana maimaita shi a inda take zaton ba mai ji. Tun da aka raɗa wa yarinyar sunan bai taɓa jin sa a bakinta ba.

Ya ja da baya, ya jira. Da ta fito, ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ta juya masa baya.

"Duba mini. Idona ba ya gani sosai."

Ya durƙusa. Ƙarƙashin lagireto a bushe. Ƙarƙashin sabon tiyon a bushe. Sai a can baki-baki, daidai inda fuskarta take ɗazu, yashin ya yi duhu a wuri biyu, ƙanana, ba ja ba, ba kore ba.

Ya sa gefen takalminsa ya ja yashi a kai.

"Ƙarau take," ya ce.